Godiya ga Shagon da Ke Tambaya Kafin Ya Sayar da Kwantirola

Zuwa ga Alhaji mai shagon kayan sola na bakin kasuwar Sabon Gari, Kano, da yaransa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu wasu masu sana'ar haɗa sola ne muka ga ya dace mu yi muku godiya a bainar jama'a. Ba mu rubuta sunan shagon ba don kada a ce kuɗin talla muka karɓa. 'Yan sana'a dai sun san inda muke nufi.

Alhaji, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 jama'a suka raja'a kan sola, sannan ɗaukewar wutar da ta jefa Arewa cikin duhu fiye da mako guda a Oktoban 2024 ta ƙara tunzura kowa. Kasuwa ta buɗe, jabu kuma ta shigo tare da ita. Abin da ya fi ba mu ciwon kai shi ne kwantirola, ɗan akwatin nan da ke tsakanin faranti da batir yana daidaita caji. Mai gida zai sayo shi da kansa, an rubuta MPPT da manyan baƙaƙe a jikinsa, wato nau'in da ke tatso ƙarfin faranti sosai, alhali cikinsa PWM ne, nau'in da bai kai shi ba. A haɗa, batir ya ƙi cika, bayan wata shida ya mutu, sai a ce mai haɗi ne bai iya aiki ba. Wanda ya sayar kuwa yana can hankalinsa kwance, don ko rasit bai bayar ba.

Bambancin nan ba na wasa ba ne. Ɗauki faranti mai wat 300, irin wanda ke aiki a kusan bolt 32 yana ba da amfiya 9. Idan aka haɗa shi da batir mai bolt 12 ta hanyar PWM, kwantirolan zai janyo farantin ƙasa zuwa bolt ɗin batir, wato kamar 13.5, amfiyar kuwa tana nan 9 ba ta ƙaru ba. Lissafi ya tsaya a wat 120 ke nan, fiye da rabi ya tafi a banza. MPPT na gaskiya yana juya rarar bolt ɗin ta koma amfiya, sai ka ga 16 zuwa 18 na shiga batir da tsakar rana. PWM ba laifi ba ne a inda ya dace, wato ƙaramin faranti mai bolt 18 a kan batir guda. Laifin shi ne a sayar da shi da sunan wani abu.

A shagonku ne muka ga ana gwada kwantirola a gaban mai saye. Yaronku da ke zama a teburin gwaji, dogon nan mai yawan shiru, shi ya fi cancantar wannan godiyar. Yakan jona batir da faranti, ya ɗora mita a wayar shiga, ya sake ɗorawa a wayar fita. In amfiyar da ke fita ta fi wadda ke shiga, MPPT ne. In sun zo daidai, kuma bolt ɗin faranti ya sauko ya yi kunnen doki da na batir, to PWM ne ko me aka rubuta a kwali. Yakan ma miƙa wa mutum guda biyu ya ji nauyinsu a hannu, domin na gaskiya yana da babban kwayil na tagulla a ciki da ƙarfe mai kauri a baya da ke shan zafi. Na jabu kuwa sakayau yake kamar kwalin ashana.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ba ya ɗauko kaya sai ya yi tambaya. Faranti nawa ne, wat nawa, me aka rubuta a takardar bayansa, batir wane iri ne, tsarin bolt 12 ne ko 24 ko 48. Wannan tambayar ta ceci kwantirola da yawa. Farantan wat 550 da suka cika kasuwa yanzu kowanne yana kai kusan bolt 49.5 idan ba a ɗora masa kaya ba. Uku a haɗin siris, jan wannan a baƙin wancan, sun zama 148.5. Mai saye ya ga an rubuta bolt 150 a kwantirola, wato iyakar abin da yake ɗauka daga faranti, sai ya ce ai ya shiga. Bai san sanyi na ƙara wa faranti bolt ba. Da asubahin hunturu, lokacin da garin Kano ke sauka zuwa digiri 12 ko 13, ukun nan za su haura 150, rana na ɓullowa kwantirola ya ƙone. Yaronku yakan ce a yi biyu-biyu, ko a ƙara kuɗi a sayi mai ɗaukar 250. Ya gwammace mutum ya fita bai saya ba da ya sayar masa da abin da zai dawo a ƙone.

Haka nan saiti. Batir tubula mai ruwa, mai bolt 12, yana son caji ya kai bolt 14.4 zuwa 14.8, sannan ya sauko ya zauna a 13.5 zuwa 13.8. Batirin jel, wanda ba a ƙara masa ruwa, ba ya son a wuce 14.4, kuma ba a yi masa cajin nan mai ƙarfi na daidaita ɗakunan cikin batir wanda ke haura 15, haka ma litiyam. Kwantirola da yawa suna zuwa da saitin da bai dace da batirin mai gida ba, ba wanda ya duba, sai jel ya kumbura kamar burodi. Ku kuwa kuna saitawa tun a shago. Batir biyu masu 200Ah a tsarin 24 ba sa buƙatar amfiya 60 don kawai kwantirolan zai iya bayarwa, kuna rage shi zuwa 20 ko 30 don kada ruwan ya riƙa tafasa. Kuma ba ku cire 'yar wayar nan mai auna zafi daga kwali, wadda wasu ke jefarwa don ba su san amfaninta ba. A bazara, ɗakin batir yana kai digiri 40, ya kamata caji ya ragu da kamar bolt 0.3 zuwa 0.4 a kowane batir mai bolt 12, ita ce ke sanar da kwantirola hakan.

Takardar da kuke mannawa a kan kowane kwali ma ta rage mana surutu: batir ake fara jonawa kafin faranti, domin daga batir kwantirola ke gane tsarin 12 ne ko 24, wajen cirewa kuma faranti ake fara cirewa. Inbata ba a ɗora ta a ƙofar kwantirola da aka yi don fitilu, kai tsaye take zuwa batir da fiyus nata. Rasit, garanti da canjin kayan da ya zo da matsala, duk kuna yi ba tare da ja-in-ja ba.

Da ma sauran shaguna za su ɗauki ko rabin wannan. Har yanzu ana sayar da wayar alminiyam da aka shafa wa ruwan tagulla a matsayin tagulla zalla, ka ɗora mata amfiya 40 ta yi zafi kamar dutsen guga. Wayar da aka rubuta wa milimita 16 in ka fere ta da ƙyar ta kai 10. Ana ba mutane bireka ta wutar gida su saka a layin faranti, alhali wutar faranti ba ta yankewa da sauƙi irin ta gida, sai ta ci gaba da tartsatsi a ciki har robar ta narke. Akwai masu gaya wa mai gida ya ƙara wa batir ruwan leda, ko ma asid, maimakon tataccen ruwan batir. Akwai tsofaffin batura da ake wankewa a sake musu takarda. Ba mai gaya wa mai saye cewa ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti, a riƙa wanke shi da sassafe kafin ya ɗau zafi, ko cewa batir mai ruwa in ana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum, wato ya sauka ƙasa da 12.1 bayan ya huta, ba zai yi tsawon rai ba. Kowa ya samu jarin kwali goma ya zama injiniya, ba mai tambayarsa inda ya koya.

Alhaji, a gaishe mana da yaron teburin gwaji, a kuma riƙe shi da kyau. Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci kasuwa.

Naku,
Wasu masu haɗa sola a Kano.