Hayaƙi Na Lalata Tsofaffin Na'urori

Ya Edita,

Ina roƙon fili domin in ja hankalin masu gyaran rediyo da talabijin game da ɓarnar hayaƙi. Hayaƙin janareta da na itacen girki yana barin baƙin maiƙo cikin na'ura, ƙura ta manne masa, damshin damina ya shiga, har siraran layukan tagulla da lantarki ke bi a cikin na'urar su fara cinyewa. Abin takaici, wasu da fetur suke wanke su cikin shago marar taga, suna shaƙar warinsa, alhali yana ɓata roba kuma yana kama wuta nan take. Ya kamata a zare na'urar daga lantarki, a goge ta da burushi mai laushi da sinadarin isopropyl (wani ruwan sifirit na goge kayan lantarki), a bar ta ta bushe sarai kafin a kunna.

Naku,
Mai karatu daga Kano