A sake zana taswirar yanayin ƙasar Katsina

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ara mana fili mu yi magana kan taswirar da ke raba Jihar Katsina gwargwadon ruwan sama da ƙasa da tsirrai. Wadda aka fi sani mai ratsi uku ce: dajin Gini a kudu wajen Funtuwa da Danja, dajin Sudan a tsakiya, sai bakin Sahel a arewa wajen Mai'aduwa da Zango da Baure. Tushenta rabon da masanin tsirrai Keay ya yi wa tsirran Nijeriya ne, wanda aka sake bugawa a 1959. Bayan nan an sha farin 1973 da na 1984, gonaki sun cinye dazuzzuka, amma layukan suna nan inda aka bar su.

Ba ƙarya taswirar ta yi ba. Funtuwa takan samu ruwan da ya kai milimita 1,000 a shekara, Daura kuwa 600 zuwa 700, shi ya sa masara da auduga suka yi kudu, gero da wake da riɗi suka yi arewa. Illarta ita ce ta yi faɗi da yawa. A gunduma guda sai ka tarar da jigawa mai yashi, da fako da ruwa ke gudu a kansa, da fadama mai laka. Wanda ya shafe su da launi ɗaya ya ce a ba su iri ɗaya, ya sa manomi asara.

Aikin sake zana ta yana farawa da lissafin ruwan sama na shekara 30, a duba har da ranar faɗuwar damina da tsawonta, don jimilla kaɗai ba ta nuna fashin ruwa na Yuli. Sai hotunan tauraron ɗan'adam, waɗanda kyauta ne: Landsat na ganin fili mai mita 30, Sentinel-2 mai mita 10. A ɗauki na Satumba da na Maris a gwama. Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Gawo yana kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani, don haka wanda ya dogara da hoton Satumba zai ce gonakin Daura ba itace. Darbejiyar cikin gari da ta shingen kare iska kuma tana sa wuri ya yi kore shar a hoto alhali itatuwan asali sun ƙare. Hoton da aka ɗauka cikin ƙurar hunturu, gara a ajiye shi.

Hoto ba ya wadatarwa sai an taka. A kowane yanki a auna fili mita 50 sau 50, a ƙirga itatuwan ciki da sunayensu, a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a ga inda yashi ya ƙare, marmara ko laka ta fara. Tsirrai da kansu shaidu ne: doka da kaɗanya na nuna kudu mai laima, sabara da ƙarangiya na nuna yashi, goruba da giginya na nuna ruwa kusa. Kada a tsaya bakin kwalta don sauƙin mota, ƙasar gefen hanya an riga an jirkita ta. A kuma ware kashi ɗaya cikin uku na wuraren da aka auna, a gwada taswirar da su bayan an gama. Inda ba a iya shiga ba saboda tsaro, kamar cikin dajin Rugu, a rubuta ƙarara cewa daga hoto kawai aka zana shi.

Abin da ya fi damunmu shi ne a zana iyakar yanayi bisa iyakar ƙananan hukumomi 34. Kogin Gada da Karaduwa ba su san wannan iyaka ba, haka burtalin makiyaya.

Muna roƙon Ma'aikatar Muhalli da hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta jiha, KTARDA, su haɗa kai da sassan nazarin ƙasa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsinma, a fitar da taswira mai ma'aunin 1:50,000, inda santimita 2 ke daidai da kilomita 1. A sa sunayen ƙasa da manoma ke faɗa, a kai wa kowane malamin gona ta yankinsa, a riƙa sabunta ta duk shekara 10.

Daga wasu ma'aikatan gona da gandun daji, Katsina.