Godiya ga masu fancin na saman bene a Fagge

Assalamu alaikum Malam, kai da yaran shagonka.

Bayan gaisuwa da fatan an yi Sallah lafiya, ya gajiyar aiki? Godiyar da na yi maka a waya kan fancin ɗin da ka yi mini, wato shirya zanen aikin riga a kwamfuta yadda inji zai bi ya ɗinka, ba ta ishe ni ba, shi ya sa na kawo ta inda jama'a za su gani. Ka ce kada in kama suna, na bi maganarka, amma duk mai injin aiki a Fagge ya san benen da nake nufi.

Ni a cikin birnin Zariya na tashi, gidanmu gidan aikin hannu ne. Aska biyu, aska takwas, tambari, duk a gaban mahaifina na koye su, kuma na san riga ɗaya kan ci watanni a hannunsa. Shekara uku da suka wuce na haɗa 'yan kuɗina na sayi injin aikin riga, Tajima, wanda aka taɓa amfani da shi, mai kai shida, kowane kai da rigar da yake ɗinkawa, ina ganin na gama da wahala. Ashe injin makaho ne, abin da aka zuba masa a filas shi yake bi, ko da rami zai kai shi.

Saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah aka kawo mini ankon ɗaurin aure, riga 36, shadda gezina ruwan toka, aska biyu a ƙirji da dagi a aljihu. Na ba wani yaro hoton zanen, minti goma bai cika ba ya turo fayil, har ina yaba masa sauri. Allah Ya taimake ni kai ɗaya na ɗora don gwaji. Zare ya yi ta tsinkewa, shadda ta tattare, bakin askar kuwa, inda allura ta yi ta dukan wuri guda, sai da ya huje. Rigar mutane ta tafi. A daren nan wani abokin sana'a ya ce in hau mota in same ka.

Da na shigo na miƙa maka waya ka ga hoton, ko kallonsa ba ka yi ba, cewa ka yi, "Ina ƙyallen?" Ka murza shi tsakanin yatsu, ka tambayi lambar zarena, na ce 40, allura na ce 75/11, ka tambayi irin takardar da nake shimfiɗawa a ƙarƙashi. Sannan ka buɗe fayil ɗin yaron a manhajar Wilcom ka sa shi yana ɗinkuwa a hankali a fuskar kwamfuta. Nan na ga abin da ya cinye mini riga: allura tana tsalle kamar fara, ta yi 'yan ɗinki a dama, ta yanke, ta koma hagu, ta yanke, ta dawo. Ɗinki 62,000, yanka sama da ɗari. Ka ce yaron maɓalli ɗaya ya danna, manhaja ta karanta hoton da kanta, ita kuwa launi take gani, ba ta san shadda ba. Kuma kowane yanka, inji sai ya rage gudu, ya ƙulle, ya yanke, ya sake tashi, a nan ne ma zare ya fi zamewa daga allura.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba kwamfutar ka fara taɓawa ba. Fitar da zanen ka yi a takarda, ka ɗauki fensir, ka bi hanyar da allura za ta bi tun daga fari har ƙarshe, kana ƙoƙarin kada ka ɗaga hannu. Ka fara daga tsakiya kana fita waje, don ƙyallen ya riƙa turuwa gefe maimakon ya taru ya yi tudu. Inda dole allura ta tashi daga wannan reshe zuwa wancan, sai ka ja siririn ɗinki ta wurin da za a rufe daga baya, tafiyar ta ɓuya a ƙarƙashi, ba yanka. Launi ɗaya ka gama da shi kakaf kafin a shiga na biyu. Wallahi haka mahaifina yake yi da zaren hannu, ba ya yanke zare sai dole, ban taɓa tunanin ilimin nan zai shiga kwamfuta ba.

Da ka zauna bugawa kuwa ba ka daɗe ba. Dagin rabinsa ka zana da ɗigo kaɗan, ka juya shi ya ba da ɗaya rabin, ka gyara mahaɗa da inda wannan igiya ke hawa kan waccan. Sarƙar gefe ma ba ka sake ta ba, daga ma'ajiyar zanukanka ka ɗauko. Hannun hagu yana kan maɓallai, na dama a kan linzamin kwamfuta, ba ka neman komai a allo.

A kan askar ce ka ɓata lokaci, kuma ta cancanta. Yaron ya cika ta da satin, wato ɗinkin da zare ke miƙewa daga wannan gefe zuwa wancan, tun daga gindi har baki. Ka nuna mini cewa satin in ya yi faɗi da yawa zaren saki yake yi, ya riƙa kama abu, kuma fayil ɗin DST, wanda inji ke karantawa, ba ya ɗaukar ɗinki guda da ya wuce milimita 12.1, sai ya karya shi da tsalle. Saboda haka gindin ka mayar da shi cikon tatami, wato gajerun ɗinki a jere kamar saƙar tabarma, ka bar satin inda ta siranta, can baki kuma ka rage ɗinkin don kada su taru a rami ɗaya. Ka sa shimfiɗar ƙasa, wato ɗinkin da ke fara kama ƙyalle da takarda kafin na sama ya hau, sannan ka buɗe tazarar zare zuwa milimita 0.4. Ni da a zatona yawan zare shi ne kyan aiki. Ka ce in shimfiɗa ta yi kyau, zare kaɗan ya isa ya rufe. Sai zancen da'ira: na ga ka zana ta ba daidai ba, ta ɗan fi faɗi ta gefe guda, na yi magana. Ka yi dariya ka ce zare yana jan ƙyalle ciki ta inda yake kai-komo, wanda ya zana ta daidai a allo, ƙwai zai gani a riga.

Sau biyu yaronka ya ɗinka gwaji a kan ragowar shaddata, na farko ka ƙi shi saboda wani ɗan fili da ni ban ma gani ba. Aka tashi da ɗinki 38,000, yanka goma sha tara. A gudun ɗari bakwai a minti da nake sa injina, zagayen da zai ci awa ɗaya da rabi ya dawo ƙasa da awa. Mai sayen dizal a makon Sallah ya san abin da wannan ke nufi. Zagaye shida na yi, kwana biyu na sauke aikin, har da rigar da na biya.

Ba zan ce kuɗinku araha ba ne, ya ninka na yaron nan sau huɗu, kuma na yi zaman awa uku a benci kafin layi ya zo kaina. Wayar shagon ma a riƙa ɗauka, don Allah. Amma ga abin da ba kowa ke yi ba: bayan DST, ka ba ni asalin fayil ɗin da ka yi aikin a kansa, wato EMB, ka ce in ana son ƙara girma ko ragewa shi za a taɓa, domin DST ɗinki ne kawai a jere, ko launi bai riƙe ba. Ka haɗa mini da takarda mai jerin launuka da lambar allurar kowanne. Da yawa riƙewa suke yi don ka dawo ka sake biya. Har ka gaya mini dalilin da ake ce wa sana'ar fancin, cewa a da huda doguwar takarda ake yi inji ya karanta.

Na kai wa Baba riga ɗaya. Bai dubi gaba ba, juya ta ya yi ya duba baya, yadda masu aikin hannu ke yi, ya shafa, ya ce wanda ya shirya wannan ya san aska. Har yanzu dai yana nan a kan bakansa cewa na hannu daban ne, ni ma ban yi masa musu ba.

Akwai bajon wata makaranta da aka kawo mini, rubutun ƙanana ne ƙwarai, ina jin sai an sa siririn zare mai lamba 60. Zan taho da shi ranar Asabar in sha Allahu, tare da ƙanena da ka ce in kawo ya zauna wurinku ya koya. A gaishe mini da yaron da ya yi gwajin, da wanda ya sayo mini shayi. Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare muku idanu, Ya sa albarka a zuri'a.

Naka,
mai aikin riga daga Zariya