Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kamal Kishore, shugaban ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da rage haɗarin bala'o'i

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da wani gurbi da nake gani a shirin da duniya take yi wa bala'o'i, wato rashin sanya taimakon shari'a kyauta cikin tanadin da ake yi kafin ambaliya ko girgizar ƙasa ko guguwa ta afka wa al'umma. Yarjejeniyar Sendai ta rage haɗarin bala'o'i, wadda aka amince da ita a Japan a 2015, wa'adinta zai cika a 2030. Manufofinta bakwai suna ƙidaya rayukan da aka rasa da dukiyar da ta salwanta da tsarin gargaɗin gaggawa, amma babu ɗaya a cikinsu da ke auna ko wanda ya tsira ya iya tabbatar da cewa gidan da ya rushe nasa ne.

Idan ruwa ya janye, abu na farko da hukumar agaji take tambaya shi ne takarda. Mutumin da ya fita da rigar jikinsa kaɗai ana neman ya kawo katin shaida da takardar mallakar gida, alhali wasu ruwa ya cinye takardunsu, wasu kuma tun fil azal ba su taɓa riƙe ta ba, domin gidan na gado ne da aka zauna a cikinsa tun kaka da kakanni ba tare da an raba a gaban hukuma ba. Haka ya faru a Amurka bayan guguwar Katrina a 2005, ya kuma sake faruwa a tsibirin Fotoriko da ke ƙarƙashin Amurka bayan guguwar Mariya a 2017, inda aka mayar da iyalai masu yawa hannu rabbana saboda sunan da ke kan takarda na mamaci ne. Sai a 2021 hukumar agajin gaggawa ta Amurka, wato FEMA, ta sassauta ƙa'idarta, ta fara karɓar wasu shaidu daban har da rubutacciyar shaidar mai gidan da kansa. Shekara goma sha shida ke nan tsakanin Katrina da wannan gyara, kuma lauyoyin marasa galihu suna cikin waɗanda suka dage har aka yi shi. Ko a yau, wanda aka hana tallafi kwana 60 gare shi ya ɗaukaka ƙorafi, kuma na tabbata kun san cewa mutumin da ke kwana a sansani yana neman abin da 'ya'yansa za su ci ba zai iya bin wannan wa'adi shi kaɗai ba.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na lardin Ace a Indunisiya. Igiyar ruwan tsunami ta 26 ga Disamba 2004 ta shafe iyakokin filaye, ta lalata kundin ofishin ƙasa, ta kuma hallaka dattawan da suka san inda gonar kowa ta tsaya. Sai da mazauna kowane ƙauye suka zauna suka zana taswirar filayensu da kansu, kotunan shari'a kuma suka tabbatar da magada da waliyyan marayu, kafin a iya aza harsashin sababbin gidaje. A irin wannan hali matar da mijinta ya rasu da maraya su ne aka fi saurin dannewa, domin dangi mai ƙarfi yana iya riga su zuwa gaban hukuma, kuma idan babu mai tsaya musu, haƙƙinsu ya tafi ke nan ko da an sake gina garin gaba ɗaya.

Japan ta nuna cewa ana iya gyara wannan da doka. Bayan girgizar ƙasa da igiyar ruwan tsunami na 2011, mutane da yawa sun tarar da kansu suna biyan bashin gidan da teku ya riga ya tafi da shi, ga kuma buƙatar cin sabon bashi don su sami matsuguni. A 2012 aka yi doka ta musamman da ta ba cibiyar taimakon shari'a ta ƙasar damar ba waɗanda abin ya shafa shawarar lauya kyauta ba tare da duba samunsu ba, sannan a 2016 aka shigar da irin wannan tanadi cikin dokar dindindin domin manyan bala'o'i masu zuwa.

Duk da haka, a ganina aikin da ya fi amfani shi ne wanda ake yi kafin hadari ya haɗo. Raba gado a rubuce, yi wa fili rajista, ajiye kwafin takardun haihuwa da na aure a wurin da ruwa da wuta ba za su kai ba, da fahimtar da ɗan haya haƙƙinsa idan gidan ya lalace, duk ayyuka ne masu sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da shari'ar shekaru da ke biyo bayan rashinsu. Da wuya ka ga an ware musu kuɗi a kasafin shirin ko-ta-kwana, saboda ba a ɗaukar hotonsu kamar yadda ake ɗaukar hoton tanti da buhun agaji.

Roƙona gare ku shi ne, a tattaunawar da za a yi kan yarjejeniyar da za ta gaji ta Sendai, ku yi amfani da matsayinku ku nemi a sanya ma'aunin da zai sa kowace ƙasa ta bayyana ko shirinta na bala'o'i ya ƙunshi masu taimakon shari'a, da kuɗin da ta ware musu, da irin shaidar da hukumominta za su karɓa daga wanda takardunsa suka salwanta. Ina kuma roƙon ofishinku ya gayyaci ƙungiyoyin lauyoyin marasa galihu su zauna a teburin wannan tattaunawa tun daga zaman farko.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai bibiyar al'amuran agaji da shari'a