Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Shirin Tashin Unguwarmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, mu magidanta da zawarawa da 'yan haya na unguwar da aka shata domin sabon gini ne muke kawo kukanmu gabanka. Mun fara bi ta wurin Mai Unguwa da Dagaci, suka ce maganar ta fi ƙarfinsu, mu kawo ta nan.

Allah ya ba ka nasara, ba gyaran gari muke ƙi ba. Mu ne ruwa ke shigo wa ɗaki duk damina, mu ne idan gobara ta tashi motar kashe wuta ba ta da lungun da za ta bi ta iso mana. Yadda ake shirin tashinmu ne ya hana mu barci, kuma tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, za mu faɗi komai yadda yake.

Da ma'aikata suka zo suka shafa jan fenti a bangayenmu, gine-gine suka ƙirga, ba mutane ba. Gida ɗaya, lamba ɗaya, sunan mutum ɗaya. Alhali Hakimi ya fi kowa sanin yadda gidajen tsohuwar unguwa suke. Akwai gidan gadon da ba a raba ba, 'yan'uwa kowa da sashensa da iyalinsa, takardar kuwa tana ɗauke da sunan kakan da ya daɗe da rasuwa, in ma akwai ta. Akwai matar da mijinta ya mutu ya bar ta da marayu a ɗakin da ba sunanta a ko'ina. Idan aka miƙa diyya ga wanda ya fi baki a cikin dangi, an tashe mu daga gida kuma an haɗa mu shari'a da juna.

'Yan haya kuwa ko tambayarsu ba a yi ba. Wasu sun biya kuɗin shekara gaba ɗaya kafin fentin ya zo, kuma masu gidajen sun ce sai an biya su diyya za su mayar. Tun ma kafin wannan, masu kuɗi sun fara sayen gidaje ɗaya bayan ɗaya suna rushewa suna tayar da benaye, haya tana hawa, waɗanda aka haifa a unguwar suna ficewa a hankali ba tare da kowa ya kira hakan kora ba. Yanzu da labarin rusau ya bazu, dillalai sun ƙara kuɗin ɗakuna a unguwannin da ke kewaye da mu. Wanda bai da ƙarfi sai bayan gari, inda kuɗin mota zuwa wurin sana'a kaɗai zai cinye abin da yake samu a yini.

Ranka ya daɗe, abin da muke roƙo ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A 1997 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu ya bayyana cewa kafin a tashi mutane sai an yi shawara ta gaskiya da su, an ba su isasshen wa'adi, kuma kada tashin ya bar kowa ba wurin kwana. Ƙa'idojin da Majalisar ta fitar a 2007 kan tashin jama'a saboda ayyukan raya ƙasa sun ƙara fayyace abin: sanarwar aƙalla kwana 90, ba a tashin mutane da dare, ko cikin mummunan yanayi, ko a ranakun bukukuwan addini, ko lokacin jarrabawar 'yan makaranta. Sun kuma ce mai takardar mallaka da marar ita duk suna da haƙƙin a biya su asarar dukiyarsu da kuɗin kwashe kaya. Bankin Duniya ma, a ayyukan da yake ba da rance, sharaɗinsa shi ne a biya abin da zai isa a sake gina irin gidan ba tare da an cire kuɗin tsufa ba, kuma a biya kafin a karɓi wurin. An ga abin da gaggawa ta haifar a unguwar Maroko ta Legas a watan Yulin 1990, inda aka ba mutane kimanin 300,000 wa'adin kwana 7, cikin damina, aka bi su da katafila.

Akwai kuma asarar da mai awon fili ba ya iya aunawa. Uwa tana iya fita neman abinci ne saboda maƙwabciya na duba mata yara. Tela da mai gyaran waya suna ci ne da mutanen da suka san su shekara da shekaru, in suka koma inda ba a san su ba sai sun faro daga tushe. Tsofaffinmu su suka fi ba mu tausayi. Wani idonsa ya yi rauni amma yana zuwa ko'ina a unguwar shi kaɗai don ƙafarsa ta haddace hanya, a sabon wuri kuwa zaman ɗaki zai koma. Yara sun fara tambayar ko za su ƙarasa zangon karatu da abokansu, iyaye ba su da amsa, domin har yau babu wanda ya nuna mana ranar tashi a rubuce. Wannan zaman rashin tabbas ya fi tashin kansa cin rai: ba a gyara rufin da ke yoyo, ba a saro kayan sana'a, kowa ya ɗaure kaya yana jira.

Saboda haka muna roƙon Hakimi ya tsaya mana a gaban hukuma da kamfanin da aka ba aikin. Na farko kuma mafi girma, a sake ƙidayar, wannan karon iyali-iyali, da 'yan haya a ciki, a gaban Mai Unguwa da dattawan da suka san wa ke zaune a ina, sannan a kafe sunayen a fili domin wanda aka tsallake ya yi magana. A ba mu ranar tashi a rubuce, ta faɗo bayan damina da kuma bayan jarrabawar ƙarshen shekara. Kada katafila ta shigo sai kuɗin diyya ya shiga hannun masu shi, kuma a sa masu gidaje su mayar wa 'yan haya ragowar kuɗinsu daga ciki. Idan akwai filin da za a ba mu, a ba mu shi wuri ɗaya, da ruwa da hanya da makaranta kusa, don maƙwabta su ci gaba da zama maƙwabta. Ga gidajen gadon da ake da saɓani a kansu, muna roƙon Hakimi ya sa a zauna da magada a sasanta tun yanzu, kafin kuɗi ya fito.

Wakilanmu, maza da mata, a shirye suke su zo fada duk ranar da Hakimi ya sa, da jerin iyalan da ba a rubuta ba da rasitan haya na waɗanda suka biya.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya, ya ja zamaninsa.

Mu ne naka masu biyayya,
Mazauna unguwar, ta hannun kwamitin dattawa da wakilan 'yan haya