Sanarwa ga masu neman tauraruwar Capella

Salamu alaikum ƴan uwa. Daga nan Damagaram, lokacin ɗari, ku duba arewa bayan isha'i, za ku gan ta rawaya-rawaya, sai dai in hazo ya tashi. Kada ku wahalar da madubin hangenku, ba zai raba ta ba, alhali taurari biyu ne masu zagaya juna cikin kwana 104. A 1995 aka ɗauki hotonsu a rabe a Kambirij ta Ingila, da haɗa hasken madubai masu nisa da juna, su zama tamkar babban madubi guda. CHARA, wata cibiyar hangen taurari a Kalifoniya ta Amurka, madubai shida take haɗawa, tazararsu har mita 330. Inda gizo ke saƙa: dole tafiyar hasken kowane madubi ta zo daidai, iska kuwa na ɓata lissafin cikin ƙiftawar ido.