Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Baiwar Allah Da Ta Tambaye Ni Ko Ƙanenta Yana Raye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙanwata, kin kira waya a shirin rediyon da aka gayyace ni domin tattauna halin da iyalan waɗanda aka yi garkuwa da su ke shiga. Kin bayyana cewa 'yan bindiga sun tare ƙanenki da abokin kasuwancinsa a hanyarsu ta dawowa daga cin kasuwa, suka shiga daji da su, bayan mako guda manoma suka tsinci gawar abokin a bakin dajin, tun daga ranar kuma lambar da ake kiranku da ita ta yi shiru. Sannan kika tambaye ni, duk masu sauraro suna ji: shin ku ɗauka shi ma an kashe shi, ku daina haɗa kuɗin fansa, ku shaida wa mahaifiyarku ta zauna karɓar gaisuwa? Lokaci ya ƙure kafin in ba ki amsar da ta dace da nauyin tambayar, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta a fili, domin gidaje da yawa a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja suna kwana suna tashi da irin wannan tambaya.

Amsata ita ce kada ku yanke wa ƙanenki hukuncin mutuwa da gawar wani. Tsoron da ya kama ki yana da tushe, kuma ba zan raina shi ba, domin mutanen da suka kashe mutum ɗaya sun nuna cewa ran ɗan Adam ba ya da wata ƙima a wajensu. Sai dai abin da kuka tabbatar zuwa yanzu shi ne abokin ya rasu, Allah ya jiƙansa. Game da ƙanenki kuwa, shiru kawai kuka samu, shiru kuma yana iya zuwa daga dalilai masu yawa: sauya maɓoya bayan an ga jami'an tsaro a yankin, rashin sabis ko caji a cikin daji, miƙa wanda aka kama ga wata daba, ko kuma dabarar da suka saba da ita ta barin iyali cikin zullumi har su yarda su sayar da gona da gida.

Bari in tuna miki abubuwan da suka faru a idon kowa. A ranar 20 ga Afrilu, 2021, aka kwashe ɗalibai daga Jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, aka nemi naira miliyan 800. Bayan kwana uku aka ga gawar uku daga cikinsu a ƙauyen Kwanan Bature, bayan wasu kwanaki aka sake ganin gawar biyu. Ki duba halin da iyayen sauran suka shiga a wannan mako, kowa yana jiran a kira shi ya je ya duba fuskar ɗansa. Duk da haka, a ranar 29 ga Mayu mutum 14 suka dawo gida da ransu. A Janairun 2024 an sace 'yan mata shida 'yan gida ɗaya a Bwari da ke Abuja, aka kashe ɗaya saboda kuɗi bai haɗu a kan lokaci ba, biyar ɗin kuma suka dawo cikin watan. A Agustan shekarar ne aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi tare da ɗansa, amma ɗan ya dawo. A duk waɗannan, kisan da aka yi saƙo ne aka aika wa dangin sauran, kuma mai aika irin wannan saƙo yana buƙatar wanda ya rage ya kasance a raye, in ba haka ba babu abin da zai karɓi kuɗi a kansa. Magana ce mai ɗaci in ce miki kwaɗayin azzalumi shi ne ke tsare ran ƙanenki, amma sau da yawa haka lamarin yake.

Zan zama maha'inci idan na tsaya a nan, domin akwai ɗaya ɓangaren. Duk ƙasar nan ta girgiza da labarin Hanifa, yarinya 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a Disambar 2021. Mai makarantar da take karatu ne ya sace ta, ya nemi naira miliyan 6, ya kashe ta saboda ta san shi, sannan ya ci gaba da neman kuɗi daga iyayenta alhali ya riga ya binne ta, har jami'an tsaro suka kama shi a Janairun 2022, Babbar Kotun Jihar Kano kuma ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yulin shekarar. Wannan ya nuna cewa kiran waya da neman kuɗi su kaɗai ba sa tabbatar da rai, kamar yadda shiru ba ya tabbatar da mutuwa. Ya kuma nuna cewa haɗarin ya fi girma idan wanda aka kama ya gane fuskar wani a cikin masu kamun. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci a gare ku yanzu ita ce: me ya sa aka kashe abokin? Idan ya yi yunƙurin gudu ne, ko rauni ya hana shi tafiya, ko an kashe shi domin a matsa muku, ƙanenki yana da kyakkyawar damar dawowa. Idan kuwa ya gane wani ɗan gari ne a cikinsu, to lamarin ya fi tsanani, kuma jinkiri ba ya amfanarku.

Wannan tambaya ba a cikin ɗaki za ku amsa ta ba. Na san dalilin da ke sa iyalai gudun 'yan sanda: masu garkuwa suna gargaɗin cewa za su kashe mutum idan aka kai ƙara, ga tsoron masu kai musu bayanai daga cikin gari, ga kuma gyaran dokar da Majalisar Dattawa ta amince da shi a Afrilun 2022, wanda ya tanadi ɗaurin aƙalla shekara 15 ga mai biyan kuɗin fansa. A ganina zalunci ne a tsoratar da uwa da kurkuku alhali ba a iya tsare mata hanyar kasuwa ba. Amma tun da aka tsinci gawa, maganar ta riga ta isa hukuma, ko kun so ko ba ku so ba. Ku aika namiji ɗaya mai hankali da rufin baki ya je sashen yaƙi da garkuwa da mutane na rundunar 'yan sandan jiharku, ya miƙa lambar da aka kira ku da ita da lokutan kiran, ya nemi sanin inda aka ga gawar, da irin raunin da ke jikinta, da kimanin lokacin da aka yi kisan. Dangin mamacin da waɗanda suka yi masa wanka ma suna da abin da suka gani. Daga waɗannan ƙananan bayanai ne ake gane ko an harbe mutum yana gudu ne, ko an fito da shi da gangan an ajiye inda za a gan shi.

Idan waya ta sake shigowa, mutum ɗaya ne zai riƙa ɗauka, kuma ya kasance wanda ba ya saurin kuka ko saurin fushi. Kafin a ambaci ko da naira ɗaya, ya nemi jin muryar ƙanenki kai tsaye, ya yi masa tambayar da shi kaɗai ya san amsarta, kamar sunan da kakarku take kiransa da shi yana yaro. Muryar da aka naɗa aka turo ba ta wadatar ba, domin tana iya zama ta makon da ya wuce. Idan suka ƙi haɗa ku da shi, ku riƙe kuɗinku, ku sake nema, kuma ku maimaita wannan buƙata a duk lokacin da za a miƙa wani abu. Ku guji baza hotonsa da lambar wayarku a Facebook da WhatsApp, domin 'yan damfara suna bin irin waɗannan sanarwa su kira suna cewa mutum yana hannunsu, masu garkuwar kuma idan suka ga ana tara gudummawa a fili sai su ƙara farashi. Kuɗin da kuka fara haɗawa ku adana shi a hannun amintacce, kada ku mayar wa masu shi tukuna.

Game da zaman makoki, addininmu ya riga ya yi wa irin wannan hali tanadi. Malaman fiƙihu suna ɗaukar wanda ya ɓata a matsayin rayayye har sai an tabbatar da mutuwarsa, bisa ƙa'idar cewa shakka ba ta kawar da yaƙini. Ba a raba gadonsa, matarsa ba ta shiga takaba saboda jita-jita. A mazhabar Malikiyya da muke bi, matar wanda ya ɓata tana kai maganarta gaban alƙali, a bincika, idan ba a sami labari ba ta jira shekara huɗu, sannan ta yi iddar wata huɗu da kwana goma. Shari'ar da ta ba da shekaru ba za ta yarda ku rufe maganar ɗan'uwanku cikin makonni ba. Ku karɓi masu zuwa jaje, ku yi sadaka, ku yi ta addu'a, amma kada ku shimfiɗa tabarmar makoki, kuma idan yana da mata ku hana kowa yi mata maganar takaba ko taɓa kayan shagonsa.

Mahaifiyarku ita ce na fi tunani tun ranar da kika kira. Kin ce kuna ɓoye mata labarin gawar saboda tana fama da hawan jini. Na fahimci tausayin da ya sa ku yin haka, amma ban goyi bayansa ba. Gidan da ake shiga ana fita da jaje ba ya riƙe sirri, kuma ya fi mata illa ta ji daga bakin wata maƙwabciya da za ta ƙara gishiri, ko ta ga kuna yanke hira duk lokacin da ta shigo, ta ƙulla a ranta cewa ɗanta ne ya mutu kuke ɓoye mata. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ku zaɓi lokacin da ta ci abinci ta sha maganinta, ku kira wanda take jin nauyinsa, ƙanenta ko limamin unguwa, ku faɗa mata iya abin da kuka sani ba ƙari ba ragi: abokin ya rasu, ɗanta ba a ji labarinsa ba tukuna, ga matakan da ake ɗauka. Kada ku yi mata alkawarin cewa zai dawo gobe, domin ba a hannunku yake ba. Ku sa a riƙa auna jininta, kada a bar ta ta kwana ita kaɗai.

Ku je ku yi wa dangin mamacin ta'aziyya, ke da manyan gidanku, idan ba ku riga kun je ba. A irin wannan yanayi tsegumi yana saurin tashi, wani ya ce ai ɗaya ne ya sayar da ɗaya, wani ya ce dangin wannan sun biya an bar nasu. Zuwanku da wuri yana kashe wannan wuta kafin ta kama, kuma gidajen biyu suna buƙatar juna wajen bin maganar a gaban hukuma, domin su suna neman haƙƙin jinin ɗansu, ku kuna neman ran naku, masu laifin kuma ɗaya ne.

Ke ma ki kula da kanki. Daga muryarki na ji cewa ke ce kike ɗauke da gidan, kuma irin wannan jira yana iya yin tsawo. Fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka sace a ranar 28 ga Maris, 2022, rukuninsu na ƙarshe, mutum 23, sai a watan Oktoba suka fito, bayan sama da wata shida. Ki raba aikin da 'yan'uwa, wani ya riƙe waya, wani ya bi hukuma, wata ta zauna da mahaifiya, ke kuma ki samu ki ci ki yi barci. Idan an haɗa ku da ƙanenki, ko kuma wani sabon bayani ya fito daga wajen 'yan sanda, ki aiko min ta hannun masu gabatar da shirin, mu sake duba abin da ya kamata a yi.

Allah ya kuɓutar da shi, ya jiƙan abokinsa, ya ba mahaifiyarku lafiya da juriya.

Wassalam,
Yayanki a Musulunci.